Yadda Ake Yi wa Mangwaron da Ya Cushe Aski Don Ya Yi Fure

A yankin Savelugu mangwaro dukiya ce, musamman tun da aka kafa kamfanin Integrated Tamale Fruit Company a 1999, manoma suka rungumi irin Kent da Keitt. Amma bishiyar da aka bari ta cushe, ganye za ta tara, 'ya'ya kuwa sai tsilli-tsilli. Dalili shi ne mangwaro a bakin reshe yake fure, kuma sai reshen da ya ƙosa ya sha rana.

A fara aski da zarar an gama tsinka, a farkon damina, domin sabon toho ya samu watannin ƙosawa kafin hunturu. Wanda ya jinkirta ya yanke furen baɗi da hannunsa.

A tanadi zarto da almakashin itace masu kaifi. Adda tana tsaga reshe, ruwa ya kwanta a ciki ya ruɓe.

Da farko a cire busassun rassa da masu cuta. Inda kauci ya kama, a yanke reshen ƙasa da wurin da ya kumbura, in ba haka ba zai dawo.

Sannan a shiga ƙarƙashin bishiyar a ɗaga kai. In ba a hango sama ba, a cire reshe ɗaya ko biyu da suka miƙe a tsakiya, da masu gugar juna, har rana ta riƙa ɗigowa ƙasa dabbare-dabbare. A rage tsawo zuwa kamar mita 4, a ɗage rassan da ke jan ƙasa. Kowane yanka ya zama a karkace. Babban reshe a fara yanka shi kaɗan ta ƙasa, kada ya ɓare ɓawon bishiyar in zai faɗi.

Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassan a shekara. Tsohuwar bishiya a raba aikinta shekara biyu ko uku. Rassan da suka fito fili a shafa musu farar ƙasa saboda ƙunar rana.

In toho ya fito cunkus a bakin yanka, a bar uku masu kallon waje, a karye sauran. Damina na ɗaukewa a daina ban ruwa da taki, don fari da sanyin hunturu su ne ke sa fure ya fito. A share ciyawa kewaye da gona kafin lokacin gobarar daji, domin wuta ta yini ɗaya tana iya cinye wahalar shekaru.