Shawarwari Goma Ga Iyalin Da Za Su Ziyarci Andalus

Duk wanda ya yi karatun zaure ya ji sunan Andalus. Alƙurɗubi mai tafsiri mutumin Ƙurɗuba ne, Ibn Asim mai Tuhfa kuwa alƙalin Garnaɗa ne. Yankin yana kudancin ƙasar Sifen, kuma da yawa daga gine-ginen wancan zamani suna nan tsaye. Idan Allah Ya hore muku tafiyar, ɗan shiri tun daga gida zai rage muku kashe kuɗi da wahala.

1. Ku zaɓi wata kafin ku zaɓi masauki.
A Yuli da Agusta zafin Sebiya da Ƙurɗuba kan haura digiri 40, yara da dattawa ba za su iya yawon rana ba. Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi daɗin iska. In dole sai lokacin zafi, ku fita da sassafe, ku huta bayan azahar kamar yadda mutanen gari ke yi.

2. Ku sayi tikitin Alhambra tun kuna gida.
Wannan fada ta sarakunan Banu Nasr da ke Garnaɗa, waɗanda mulkinsu ya ƙare a 1492, tikitinta kan ƙare makonni kafin ranar shiga, don haka ku saya ta shafin hukumar fadar a intanet. Ana rubuta sunan mutum da sa'ar shigarsa ɗakunan sarauta, wanda ya makara ya yi asara. Ku riƙe fasfo a hannu, ku karɓa wa ƙananan yara nasu tikitin ko da kyauta ne.

3. Ku yi sammakon zuwa Masallacin Ƙurɗuba.
Abdurrahman na Ɗaya ya fara gina shi wajen shekarar 785, ginshiƙansa sun haura 800, bakunan ginin kuma ja da fari ne. An saba barin mutane su shiga kyauta daga 8:30 zuwa 9:30 na safe, Litinin zuwa Asabar. Tun 1236 coci ne, ba a yarda a yi salla a ciki ba, sai ku tsaya gaban mihrabin ku ƙare masa kallo cikin natsuwa.

4. Ku ware rabin yini don Madinatuz Zahra.
Kufan birnin da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina a ƙarni na 10 suna kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba. Ku fara da gidan tarihin da ke ƙasa, domin shi zai sa yara su gane abin da za su gani a saman tudu. Ba a buɗewa ranar Litinin, kuma inuwa ba ta da yawa, sai ku ɗauki ruwa da malafa.

5. Ku hau hasumiyar Giralda a Sebiya.
Asalinta hasumiyar kiran salla ce da Muwahhidawa suka gina a ƙarshen ƙarni na 12. Kusan duk hawan shimfiɗaɗɗiyar hanya ce mai zagayawa, matakalu kaɗan ne a can sama, shi ya sa ko mai ciwon gwiwa zai iya lallaɓawa. Fadar Alkazar tana daf da ita, ku haɗa su a rana guda.

6. Ku san ranakun bukukuwa.
A farkon watan Mayu mutanen Ƙurɗuba kan buɗe tsakar gidajensu cike da furanni, kowa ya shiga kallo kyauta. A Sebiya kuwa akwai jerin gwanon makon Ista, sai bikin Feria kimanin mako biyu bayansa, inda ake fito da dawakai da kekunan doki a caɓe da ado. Kuɗin masauki kan yi tashin gwauron zabi a lokacin, dabara ita ce ku kwana a Ƙurɗuba ku shigo Sebiya ta jirgin ƙasa mai sauri, tafiyar kamar minti 45.

7. Ku nemi sa'o'in kyauta na gidajen tarihi.
Gidan zane-zanen Picasso da ke Malaga, garin da aka haife shi a 1881, yakan bar mutane su shiga kyauta a sa'o'i biyun ƙarshe na ranar Lahadi. Dandalin Plaza de España da ke Sebiya, wanda aka gina don baje kolin 1929, ba a biyan ko sisi. Gidan tarihi ɗaya a yini ya ishi yara, in aka ƙara sai gajiya da rigima.

8. Ku tambaya kafin ku ci.
Naman alade ya yawaita a girkin mutanen yankin, ku haddace kalmomin cerdo da jamón don ku gane su a takardar abinci. Miyar tumatir mai sanyi ta salmorejo ma akan barbaɗa mata shi a kai, sai ku ce a cire tun kafin a zuba. Soyayyen kifi ya wadata, kuma abincin rana da suke kira menú del día ya fi na dare araha.

9. Ku yi salla a unguwar Albaisin.
Babban masallacin Garnaɗa, wanda aka buɗe a 2003, yana saman unguwar, daga lambunsa kuma ana hango Alhambra sosai. Ku je gab da magariba, ku sami jam'i da kallo lokaci guda. Hanyoyin duwatsu ne masu hawa, ku sa takalmi mara tsini.

10. Ku kula da aljihu.
A wuraren cunkoso ku rataya jaka ta gaba, kuɗi kuma ku raba su tsakanin manya biyu. Kusa da manyan coci-coci wasu kan miƙo ɗan reshen ganye kamar kyauta, daga baya su nemi kuɗi, ku gode ku wuce kawai. Ku rubuta wa kowane yaro sunan masaukinku a takarda, ku kuma riƙe lambar gaggawa 112.

Kwana biyu a kowane birni ya fi gudun garuruwa shida a mako ɗaya amfani. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.