Yadda ake kallon rawar Gerewol

Idan damina ta ja baya, wajen watan Satumba, Fulani Woɗaaɓe da ke kiwo a dajin Tanut da Belbeji kan taru don Gerewol. Baƙo yakan zo da waya, ya ɗauki hoton fuskoki, ya tafi bai ga rawar ba.

Mai son fahimta ya fara da kunne. Ba a kaɗa ganga. Muryoyin samari ne ke jan sahu, sai ƙarar ƙarafan da aka ɗaura a ƙafa. Daga nan ya sauke ido ƙasa: yadda samarin ke ɗagowa kan yatsun ƙafa, kafaɗa da kafaɗa, sa'o'i cikin rana. Juriyar nan ita ce rabin gwanintar. Zare ido da bayyana fararen haƙora su ma suna da ƙa'ida, kuma 'yan matan da ke zaɓen gwani cikin samarin sun san wanda ya yi da kyau. Mai kallo ya kuma bambanta rawar Yaake, mai kwalliyar ruwan ɗorawa, da Gerewol kanta, mai jar fuska da gashin jimina.

Wanda zai kalli fim ɗin Werner Herzog na 1989 kan Woɗaaɓe ya yi hattara. Bajamushen ya ɗora waƙar cocin Turai, Ave Maria, a kan fuskokin masu rawa. Hoton ya yi kyau matuƙa, amma waƙar ta rufe muryar samarin. Gara a nemi wuraren da aka bar su suna rera tasu, a saurara sau biyu.