Yadda Ake Kwantar da Hankalin Karen Gadi Mai Tsananin Tsoro

Gabatarwa

Kare yana daga cikin dabbobin da manomi da makiyayi ke amfana da su. Yana gadin gida da rumbu, yana tsare garke da dare, yana korar birai da ɓeraye daga gona, mafarauci kuma ba ya shiga daji sai da shi. A Jimeta da kewayenta, daga unguwannin cikin gari irin su Ajiya, Limawa da Rumde har zuwa gonakin rani na bakin Tafkin Geriyo da gaɓar Kogin Binuwai, akwai gidajen da ke ajiye kare domin wannan aiki.

Sai dai wani karen, maimakon ya tsare gida, shi ne abin tausayin gidan. Da ya ji motsi sai ya cusa bindi tsakanin ƙafafu, ya shige ƙarƙashin amalanke yana karkarwa. Mai irin wannan kare yakan ɗauka lalaci ne, sai ya ƙara masa duka da ɗauri don ya yi zafi. Wannan kuskure ne mai haɗari. Kare mai tsoro ba ya gadi yadda ya kamata, kuma idan tura ta kai bango cizo yake yi, sau da yawa ma yaran gida yake cizo. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka gane tsoro, ka bambanta shi da ciwo, sannan ka bi matakan kwantar da hankalin karenka.

Abubuwan da ke jawo tsoro

1. *Rashin sabo tun yana ƙarami.* Binciken da Scott da Fuller suka yi a Amurka, wanda aka buga a 1965, ya nuna cewa kwikwiyo yana koyon sabo da mutane da sauran abubuwa ne tsakanin mako 3 zuwa kimanin mako 12 da haihuwa. Wanda aka kulle a wannan lokaci, ko aka raba shi da uwarsa da wuri, yakan girma yana tsoron duk abin da bai sani ba.
2. *Gado.* Karya mai tsananin tsoro takan haifi 'ya'ya masu irin halinta.
3. *Muguwar mu'amala.* Duka, jifa da dutse, watsa ruwan zafi da tsokanar yara. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka kare yake da sanda.
4. *Ƙara mai ƙarfi.* Tsawa da aradu, janareta, bindigar mafarauta, hayaniyar biki da wasan wuta. Kunnen kare yana jin sautin da na mutum ba ya ji. Wani bincike na Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, da aka buga a 2020 a kan karnuka fiye da 13,000, ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na firgita da ƙara.
5. *Ciwo.* Ciwon kunne, ciwon haƙori, rauni, ƙazuwa, yawan kaska da tsufa duk suna sa kare ya ƙi a taɓa shi.
6. *Sauyin wuri.* Karen da aka ɗauko daga ƙauye ko ruga aka kawo shi cikin gari mai cunkoso da ƙarar motoci da Keke Napep yakan ruɗe na tsawon makonni.

Alamomin da za ka lura da su

Kare yana nuna tsoro mataki-mataki. Da farko zai riƙa lasar baki, yana hamma ba don barci ba, yana kau da kai, farin idonsa yana bayyana. Idan abin ya ƙaru, sai ya kwantar da kunnuwa baya, ya cusa bindi, ya duƙa, yana haki ko da babu zafi. Daga nan sai karkarwa, ƙin cin abinci, fitsari ko kashi ba da niyya ba, da neman wurin ɓuya. Mataki na ƙarshe shi ne sandarewa, gurnani, fitar da haƙora, sannan cizo.

Ka lura da kyau: gurnani gargaɗi ne. Idan ka doke shi saboda ya yi gurnani, ka koya masa ya daina gargaɗi ne kawai, tsoron yana nan. Gobe sai ya yi cizo ba tare da sanarwa ba.

Kafin komai: tsoro ne ko ciwon hauka?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci, domin ta shafi rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, a jikin mutum ko dabba, kusan babu mai tashi.

Karen da tsoro ke damunsa an daɗe da sanin halinsa. Akwai abin da ke tayar masa da hankali, kuma idan abin ya wuce yakan dawo daidai, ya ci, ya sha, ya gane maigidansa. Shi kuwa mai ciwon hauka, halinsa yakan sauya ne farat ɗaya. Za ka ga yana dalalar da miyau, muƙamuƙinsa ya saki, muryar haushinsa ta canja, yana cizon itace ko dutse ko sarƙa, yana yawo ba manufa, daga baya ƙafafunsa su shanye. Wani ma ba ya faɗa, sai dai ya lafe a lungu shiru.

Idan ka ga irin wannan sauyi na gaggawa, musamman ga karen da ba a yi wa allura ba ko wanda wani kare ya ciza, kada ka taɓa shi, kada ka sa hannu a bakinsa da sunan ciro ƙashi. Ka killace shi, ka nisantar da yara da dabbobi, ka kira likitan dabbobi. Wanda aka ciza a wanke masa wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kamar Asibitin Ƙwararru na Yola ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, domin a fara masa allurai. Karen kuma a tsare shi ana lura da shi kwana 10, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a je asibiti.

Rigakafi ya fi magani. A yi wa kwikwiyo allurar rigakafin hauka yana da wata 3, a maimaita kowace shekara, a adana takardar shaida. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana sarrafa wannan allura da kuma gwajin gano ciwon. Sai likita ya tabbatar karenka lafiyarsa ƙalau, sannan ka shiga matakan da ke tafe.

Mataki na 1: Tanadar masa mafaka

Ka zaɓi lungu mai inuwa da iska a cikin gida, nesa da zaure, hanyar wucewar mutane, wurin wasan yara da janareta. Ka yi masa 'yar bukka ko ɗaki mai rufi, gefe uku a rufe, wanda zai iya tsayawa, ya juya, ya miƙe a ciki. Rufin ciyawa ya fi kwano, domin kwano yana ƙara ƙarar ruwan sama, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola kan haura digiri 40, yana mai da ɗakin kamar tanda. Ka shimfiɗa tsohon buhu, ka ɗaga ƙasan kaɗan saboda ruwan damina, ka ajiye kaskon ruwa mai tsabta a kowane lokaci.

Dokar wannan wuri ɗaya ce, kuma kowa a gidan ya san ta: idan kare ya shiga mafakarsa, ba a jawo shi, ba a zungurarsa, ba a dukansa a ciki. Karen da ya san yana da wurin gudu ba ya saurin cizo.

Mataki na 2: Rage ɗauri

Gajeriyar sarƙa a turke cikin rana tana ƙara tsoro, domin kare ya san ba shi da hanyar tsira. Shinge ya fi ɗauri. Idan ɗaurin ya zama dole, igiyar ta kasance doguwa yadda zai kai ga inuwa, ruwa da mafakarsa, abin wuyan kuma ya bar wurin yatsu biyu. Ka sake shi ko ka zaga da shi a igiya da sassafe da kuma bayan la'asar sakaliya, a hanyar da babu hayaniya, ka bar shi ya shinshina yadda yake so.

Mataki na 3: Tsari guda kowace rana

Kare yana samun natsuwa idan ya san abin da zai faru. Ka riƙa ba shi abinci sau biyu a rana, a lokaci guda, a wuri guda. Da farko mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ciyarwar, mai haƙuri da sanyin murya. A ajiye abincin a ja da baya, kada a tsaya a kansa.

Mataki na 4: Yadda za ka kusance shi

- Kada ka nufe shi gaba da gaba, kada ka zuba masa ido. Ga kare wannan barazana ce.
- Ka tsuguna a gefe, ka ba shi kafaɗa, ka yi magana a hankali.
- Ka jefa masa ɗan abin daɗi kusa da shi, kamar guntun nama, ƙuliƙuli ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Kada ka tilasta masa karɓa daga hannunka.
- Ka bar shi ya zo da kansa. Idan ya zo, ka shafa ƙirji ko gefen wuyansa na ɗan lokaci, ban da saman kai. Idan ya ja da baya, ka ƙyale shi.
- Kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, kuma kada a taɓa kare yana ci ko yana barci, ko karya tana shayarwa.

Mataki na 5: Saba masa da abin da yake tsoro

Manufa ita ce kare ya haɗu da abin tsoron kaɗan-kaɗan, daga nesa, tare da abin da yake so, har ya riƙa danganta su. Ma'auninka shi ne abinci: muddin yana ci, tsoron bai fi ƙarfinsa ba, idan ya ƙi ci, ka matso da yawa.

Misali, a ce karenka yana tsoron baƙi maza. Ka samu maƙwabci ya tsaya a nesa, kamar taku 20, ba tare da ya kalli karen ba. Da karen ya hango shi, ka ba shi guntun nama. Maƙwabcin ya ɓace, naman ya tsaya. Ku maimaita na minti 5 zuwa 10 a rana. Bayan kwana biyu ko uku yana ci cikin natsuwa, a rage taku biyu. Ranar da ya firgita, a koma inda aka tsaya jiya. Haka za ka yi da janareta, babur ko amalanke.

Kada ka ɗaure shi kusa da abin tsoron da nufin ya saba dole. Yakan yi shiru ne don ya fid da rai, tsoron kuma ya ƙaru. Wannan aiki yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Lokacin hadari da bukukuwa

Damina a Yola takan kama daga Mayu zuwa Oktoba, kuma ruwan farko yakan zo da iska da tsawa. Ka gama shirya mafaka tun a Afrilu. Da hadari ya haɗu, ka ciyar da kare, ka kai shi mafakarsa, ka rufe ƙofar gida, domin a irin wannan lokaci karnuka ke tsinke igiya su ɓace. Idan ya zo ya raɓe ka, ka zauna kusa da shi ka yi masa magana a hankali. Lallashi ba ya ƙara tsoro. Haka za ka yi a ranakun Salla, Kirsimeti, sabuwar shekara da bikin aure.

Abubuwan da za ka guje wa

- Duka, tsawa da horo da yunwa.
- Ba kare kayan maye ko barkono don ya yi zafi.
- Ba shi maganin barci ko na ciwon jiki na mutane. Wasu, kamar farasitamol da ibuprofen, suna iya lalata masa hanta ko ƙoda. Akwai magungunan rage fargaba na karnuka, amma likitan dabbobi ne kaɗai ke rubuta su, kuma tare da horo ake amfani da su.
- Ba shi goro, cakulan, albasa ko dafaffen ƙashi mai tsagewa.
- Barin kare ko karya mai tsananin tsoro su hayayyafa.

Idan za ka ɗauki sabon kwikwiyo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka duba halin uwar kafin ka zaɓa, kuma kada ka raba su kafin mako 8. Daga ranar da ya zo, ka riƙa nuna masa maza da mata, yara da tsofaffi, awaki, kaji da shanu, da ƙarar kayan gida, duk a hankali kuma a cikin gida, har ya kammala allurarsa. Ka ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska bisa shawarar likita.

Ga malamin gona

Idan manomi ya kawo maka wannan koke, ka fara da tambayoyi biyar: Yaushe abin ya fara? Me ke tayar da shi? Yana ci yana sha? An yi masa allura, ina takardar? Ya taɓa cizon wani? Idan halin sabo ne, ko babu allura, ko an yi cizo, ka tura su wurin likitan dabbobi nan take. In ba haka ba, ka zaga gidan, ka nuna wurin mafaka, ka tara iyalin har da yara ka yi musu bayani. Ka shawarci maigida ya riƙa rubuta kwanan wata, abin da ya faru da tazarar da aka kai, ka komo bayan mako biyu ku duba tare. Ranar 28 ga Satumba, wadda ake yin ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, dama ce ta tara masu karnuka don faɗakarwa da allura.

Kammalawa

Ba kowane kare mai tsoro ne zai zama jarumi ba. Wani har ya tsufa ba zai so baƙi ba, amma yana iya zama lafiya, ya ci, ya yi barci, ya yi haushi idan ya ji baƙon motsi da dare, kuma wannan shi ne gadin da ake bukata. Idan bayan wata biyu ko uku ba ka ga sauƙi ba, ko karen ya fara kai wa mutanen gida hari, kada ka kore shi titi ya zama haɗari ga maƙwabta. Ka tuntuɓi likitan dabbobi ko malamin gona mafi kusa da kai domin ƙarin shawara.