Darasi na 14: Tattalin Kuɗin Iyali

Idan ka shiga Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta birnin Gombe, a lokacin kaka, za ka ga buhunan masara da dawa da wake jibge, farashi kuwa ya sauko. In ka koma a tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka soma ƙarewa, yawanci za ka tarar kaya sun yi tsada. Magidancin da ya lura da haka yakan sayi abincin gidansa tun da kaka. Wanda bai lura ba yakan ƙare da awo kullum, mudu-mudu, da tsada. Dabarar magidancin farko ita ake kira tattali.

Matakin farko na tattali shi ne kasafi, wato a rubuta abin da ke shigowa gida da abin da ke fita. Cefane da kuɗin mota ba su cika ruɗa mutane ba, domin kullum ana ganinsu. Abin da ke kayar da magidanta shi ne hidimar da ke zuwa sau ɗaya a shekara: kuɗin haya, kuɗin makaranta a watan Satumba, kayan azumi, ɗinkin salla da ragon layya. Babu ɗaya daga cikinsu da ke zuwa ba zato, amma sai ka ga mutum ya rikice kamar bai san da zuwansu ba. A ce kana haya a Jekadafari ko Pantami, kana biyan naira 240,000 a shekara. In ka raba wannan kuɗi gida goma sha biyu, naira 20,000 ke nan kowane wata. Ware ta a wata ya fi sauƙi a kan neman rance ranar da mai gida ya buga ƙofa. Ya kamata kuma maigida da uwargida su yi wannan lissafi tare, domin ita ta fi sanin kwana nawa buhu yake yi.

Hausawa sun daɗe da sanin ajiya. Yara suna da asusu, manya kuma suna da adashi. Misali, mata goma su riƙa zuba naira 5,000 kowane mako a hannun uwar adashi; kowane mako ɗaya daga cikinsu ta kwashi naira 50,000, har zagaye ya cika. Adashi ba ya ƙara ko kwabo a kan abin da aka zuba. Amfaninsa shi ne yana tilasta wa mutum tarawa, kuma ginshiƙinsa amana ce kawai. Banki ya fi tsaro. Tun daga shekarar 2024, hukumar inshorar ajiya ta ƙasa, NDIC, tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya rushe.

To, amma ajiya tana da maƙiyi, shi ne hauhawar farashi. A watan Disamba na 2024 ya kai kashi 34.8 cikin ɗari a Nijeriya. Ma'anarsa, abin da aka saya naira 1,000 shekara guda kafin nan ya koma kusan naira 1,350. Wanda ya ɓoye kuɗinsa a ƙarƙashin katifa bai rasa takarda ko ɗaya ba, amma ƙarfin kuɗin ya ragu. Dalilin zuba jari ke nan.

A Gombe, jarin da iyalai da yawa suka saba da shi shi ne kiwo da ajiyar hatsi. Uwargida takan sayi ɗan rago ta turke shi, ta sayar gab da babbar salla. Sai dai kada ka manta da kuɗin dusa da harawa da magani in kana lissafin riba. Hatsi ma ba kullum yake tashi ba. A shekarar 2025 farashin masara ya faɗi ƙwarai a kasuwannin Arewa, waɗanda suka tara da tsada suka yi asara. Saboda haka bai kamata iyali su zuba dukiyarsu duka a abu ɗaya ba.

Akwai kuma jari na zamani. Musulmi da yawa suna guje wa kuɗin ruwa, shi ya sa aka sami bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da takardun sukuk na farko, na naira biliyan 100, domin gina hanyoyi. Wanda ya saya yakan karɓi rabonsa na haya sau biyu a shekara, a ƙarshen wa'adi kuma a mayar masa da uwar kuɗinsa.

Ka yi hattara da masu alkawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci. Tsarin MMM ya yi wa mutane alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata guda. A watan Disamba na 2016 aka dakatar da biya, kuɗin mutane masu yawa suka maƙale. Babu wata sana'a a bayansa. Kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafin ka ba kowa kuɗinka, tambaye shi wace sana'a ce ke kawo ribar, kuma wace hukuma ce ta yi masa rajista.

Ma'anar Kalmomi

tattali: kula da abu don kada ya salwanta
kasafi: rarraba kuɗi bisa buƙatu
lamunce: ɗaukar nauyin biya
uwar kuɗi: ainihin jarin da aka zuba, ban da riba

Tambayoyi

1. Me ya sa hatsi yake araha da kaka?
2. Mutum goma sha biyu suna zuba naira 3,000 kowane mako. Nawa mai kwasa zai samu?
3. Bayyana bambancin ajiya da zuba jari cikin jimloli uku.
4. Tambayi wani babba a gidanku hidimomin da ke zuwa sau ɗaya a shekara, ka rubuta su da watanninsu.