Fitilar Cikin Ƙwayar Halitta da Mai Neman Ta

A darasin kimiyyar halittu mun sha gaya wa ɗalibanmu cewa an gina jikin kowane mai rai da ƙwayoyin halitta, a cikin kowace ƙwaya kuma akwai furotin iri-iri har dubbai, kowanne da aikinsa. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne wahalar da masu bincike suke sha kafin su ga guda ɗaya a cikinsu. Furotin ƙanana ne ƙwarai, yawancinsu ba su da launi. Ko an sa ƙwayar a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba za a bambanta wannan da wancan ba.

Dabarar da ta sauƙaƙa aikin daga teku ta fito. A gaɓar yammacin Amurka akwai wata halitta mai taushin jiki, mai siffar laima, wadda masana ke kira Aequorea victoria. Bakin laimarta yakan ba da koren haske. A shekarar 1962 wani masani ɗan Japan, Osamu Shimomura, tare da abokan aikinsa, ya ba da rahoton furotin ɗin da ke da wannan koren haske, wanda yanzu ake kira GFP. A 1992 Douglas Prasher ya ware ƙwayar gadon da ke ɗauke da umurnin yin sa. A 1994 Martin Chalfie ya sa ta cikin bakteriya da cikin wata ƙaramar tsutsa, da aka haska musu shuɗin haske sai suka yi kore. Roger Tsien kuwa ya gyara furotin ɗin, ya ƙara masa ƙarfi, ya fitar da wasu launuka. A 2008 aka ba Shimomura da Chalfie da Tsien kyautar Nobel. Ba a raba kyautar ga fiye da mutum uku, don haka Prasher bai samu ba, ko da yake a ganinmu ya kamata ɗalibai su riƙe sunansa.

Ga yadda ake amfani da shi. Mai bincike yakan haɗa umurnin yin GFP da umurnin yin furotin ɗin da yake so ya bi sawunsa. Ƙwayar halitta za ta ƙera su a manne, kamar akuyar da aka rataya wa ƙararrawa. Duk inda furotin ya nufa, fitilarsa tana biye. Da wannan hanya aka yi ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro masu koren haske, ana kallon tafiyarsu a cikin sauro da cikin hantar ɓera.

To, ɗalibi mai lura zai tambaya: tun da abin yana haske da kansa, me ya sa ake bukatar wani abu dabam don a nemo shi? Wannan ita ce tambayar darasinmu.

Mai neman nan shi ne antibodi. Furotin ne mai siffar harafin Y wanda jiki ke yi idan baƙon abu ya shiga jini, kuma kowane antibodi abu ɗaya ya sani, kamar karen farauta da aka koya wa ƙanshin nama ɗaya. Irinsa ne ke aiki a ɗan katin gwajin zazzaɓi da muke gani a asibiti. Idan aka yi wa zomo ko akuya ko kaza allurar GFP, jikinta zai yi antibodin da ke kama GFP. Na kaza daga gwaiduwar ƙwai ake tara shi. A 1975 Georges Köhler da César Milstein, a Kambirij ta Ingila, suka gano hanyar samun antibodi iri ɗaya tak daga ƙwayoyin ɓera, ba gauraye.

Dalilin farko shi ne fitilar tana mutuwa. GFP sarƙa ce ta amino asid 238 wadda ta naɗe kamar ganga, wurin da ke ba da haske yana tsakiyar gangar. Idan aka tafasa shi, gangar ta warware, haske ya ɗauke. Wasu magungunan da ake busar da nama da su kafin a yanka shi siriri su ma sukan rage hasken, haka kuma yawan haska shi. Antibodin da ya dace yana gane shi ko da ya daina haske. Sai a kawo antibodi na biyu mai ɗauke da rini, da yawa su manne wa na farko, alamar ta fi ta dā ƙarfi.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Haske yana nuna inda fitila take, amma bai tabbatar da cewa har yanzu tana manne da mai ita ba. Wani lokaci ƙwayar halitta takan yanke GFP daga jikin furotin, ya yi ta yawonsa. Mai binciken da ya dogara ga ido kaɗai zai rubuta cewa furotin ɗinsa yana wuri kaza, alhali ƙararrawa ce ta faɗi, akuya tana wani wuri. Don a tantance, ana narkar da ƙwayoyin, a raba furotin bisa ga nauyinsu da wutar lantarki, a kwafe su a kan wata takarda ta musamman, sa'an nan a zuba antibodi. Nauyin GFP shi kaɗai kusan kilodalton 27 ne. Idan furotin mai nauyin 50 ne, ya kamata layi ya fito wajen 77. In ya fito a 27, an san an yi yanka.

Na uku, antibodi yakan zama ƙugiya. A manna shi a kan ƙananan duwatsu, ya jawo GFP da furotin ɗin da duk abokan aikin da suke riƙe da shi. A nan raƙumi ya shigo. A 1993 masana a Burasel ta Beljiyam suka ba da labarin cewa jinin raƙumi yana da wani irin antibodi mai sauƙin gini. Ɗan guntun bakinsa kawai ya isa kamu, kuma bai wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin antibodin da aka saba ba. Wanda aka fi amfani da shi wajen jawo GFP daga alfaka aka samo shi, ɗan'uwan raƙumi na Kudancin Amurka.

Shi ma antibodi ba a yarda da shi ido rufe. Na GFP yakan kama 'yan'uwansa masu launin rawaya da shuɗi, gama bambancinsu kaɗan ne, don haka ba zai raba su ba. Amma jajayen, irin su mCherry, asalinsu daga murjanin teku ne, sai an nemo musu nasu. Kowane gwaji kuma ana ajiye ƙwayoyin da ba a sa wa GFP ba a gefe, a yi musu duk abin da aka yi wa sauran. Idan layi ya fito a nan ma, antibodin ya kama wani abu dabam ke nan, sai a canza shi a sake gwajin tun daga farko.