Takunkumin da ake sanya wa ɗan koyo da sabon direba

Lokacin da ya fi haɗari a rayuwar direba shi ne watannin farko da ya fara tuƙi shi kaɗai. Masu koyar da tuƙi sun san dalili. Muddin malami na zaune a gefe, shi ke hango yaron da zai gitta da gudu, shi ke cewa a sassauta totur kafin a shiga kwana. Ranar da lasisi ya fito, wannan ido na biyu ya tafi. Juya sitiyari, sauya giya da taka birki ana iya su cikin 'yan makonni. Amma gane cewa adaidaita sahun da ke gaba zai tsaya ba sigina, ko auna tazarar da za ta isa a wuce tirela kafin mai tahowa ya iso, sai an daɗe a kan titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Saboda haka ƙasashe da dama suka daina ba da cikakken lasisi a tashi ɗaya, suka koma bayar da shi hawa-hawa. Niyu Zilan ce ta fara shimfiɗa wannan tsari a faɗin ƙasa a 1987, da hawa uku. A na farko, ɗan koyo ba ya tuƙi sai da mai sa ido a kujerar gaba, wanda ya yi aƙalla shekara biyu da cikakken lasisi. A na biyu an yarda ya fita shi kaɗai, amma ban da tsakanin ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, kuma ba zai ɗauki abokai ba sai da mai sa ido. Bayan nan ne ake ba shi cikakken lasisi. A 2011 ƙasar ta ɗaga shekarun fara koyo daga 15 zuwa 16, ta kuma haramta wa duk direban da bai kai shekara 20 ba tuƙi da ko ɗigon barasa a jininsa. Lardin Ontariyo na Kanada ya ɗauki irin wannan tsari a 1994, daga baya jihohin Amurka suka bi.

Sharuɗɗan dare da fasinja su ne ƙashin bayan tsarin, kuma sun cancanci a tsaya a kansu. Da dare ido ba ya ganin nesa, fitilar mai tahowa tana kashe ido, barci na sanɗa. Tsohon direba ya san ya karkatar da ganinsa gefen titi idan aka haske shi. Sabo kuwa yakan ƙura wa hasken ido, har mota ta fara bin hasken bai sani ba. Batun fasinja ya fi wannan zurfi. Saurayin da ke tuƙi a natse idan mahaifinsa na ciki yakan zama wani mutum dabam idan sa'o'insa huɗu suka cika motar. Ga hira, ga kiɗa, ga mai cewa "taka mana", kuma ba wanda yake so a ce masa matsoraci. In haɗari ya auku, gida biyar ake zaman makoki.

Wasu ƙasashen sun bi ta wata hanya. A Faransa sabon direba na manna harafin A a bayan mota, yana farawa da maki 6 maimakon 12 a lasisinsa, waɗanda ake ragewa idan ya yi laifi, kuma iyakar gudunsa a babbar hanya kilomita 110 ne a awa, inda sauran ke da 130. A Birtaniya, dokar 1995 ta ce wanda ya tara makin laifi 6 cikin shekara biyun farko za a soke lasisinsa, ya sake jarrabawa. Jihar Biktoriya ta Ostareliya tana neman awa 120 na tuƙi tare da mai sa ido, a rubuce, daga ɗan koyon da bai kai shekara 21 ba. Wannan na ƙarshe ya fi ƙayyade gudu amfani, domin ƙarancin gogewa shi ne tushen matsalar.

A Najeriya ma akwai ƙa'ida. Ba a ba da lasisin mota ga wanda bai kai shekara 18 ba. Ɗan koyo na buƙatar takardar izinin koyo, da alamar L gaba da baya, da direba mai lasisi a gefensa. Mai neman lasisi karon farko sai ya bi ta makarantar tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, sannan jami'an duba ababen hawa su gwada shi. Sai dai da yawa daga cikin masu koyo na jin kunyar alamar L, suna cire ta da zarar sun bar filin koyo. Wannan kuskure ne babba, domin ita ce ke sanar da direban tanka da ke baya cewa ya ba da tazara, motar nan na iya mutuwa a tsakiyar shataletale. Abin da ya fi ciwo shi ne yaron da ake miƙa wa makulli ranar biki ko ranar Sallah, ba izini ba lasisi, ya shiga jerin rakiyar amarya yana wasa da mota.

Inda doka ta tsaya, mai motar na iya ɗorawa, uba ne ko yaya ko ubangida a tasha. Zai iya gindaya wa sabon direba sharaɗin kada ya fita bayan sallar isha'i, kada ya ɗauki abokai, waya kuma ta zauna a aljihu. Doguwar tafiya irin ta Kano zuwa Kaduna, da tuƙi cikin ruwan sama ko hazo, ya fara yin su tare da gwani a gefensa, sau da yawa. Ana sassauta sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, a fara da tuƙin dare a hanyar da ya sani, ɗaukar abokai ya zo ƙarshe.