Lambun Da Ke Yawo Bisa Ruwa A Ƙasar Bangaladash

Ƙasar Bangaladash tana wurin da manyan kogunan nan biyu, Ganjis da Barahmaputra, su ke rarrabuwa kafin su faɗa teku. Galibinta ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya. A shekarar 1998 ambaliya ta rufe wajen kashi biyu cikin uku na ƙasar. Ga kuma ɗumamar duniya, wadda ke sa teku ƙara hawa. A lardunan Gopalganj da Barisal da Pirojpur, gona ta kan yi watanni a ƙarƙashin ruwa. To, mai iyali me zai ci?

Dabararsu ita ce su ɗora gonar bisa ruwan. Akwai wata ciyawa mai kama da kainuwa wadda ke toshe musu hanyar jirgi. Ita manomi ke tarawa, ya jibga wani bisa wani, yana tattakewa, har ta zama doguwar kunya mai kauri. Ba a cika faɗinta, don hannu ya kai tsakiya daga cikin kwalekwale. Sai a kafa gora a tare ta, kada igiyar ruwa ta tafi da ita, a bar ta mako biyu ko uku samanta ya ruɓe.

Ba a watsa iri haka kawai. Mata ne galibi ke dunƙula ruɓaɓɓiyar ciyawa kamar curin fura, su cusa ƙwaya ciki. In ta tsiro, a jera bisa kunyar. Kuɓewa da alayyafo da kabewa da gauta duk suna yi. Ruwa ya ƙaru, lambu ya hau tare da shi. Ba ban ruwa, ba sayen taki. Waɗansu ma dashen su ke sayar wa fatake. Kadan ruwa ya janye, sai a farfasa kunyar a baza a gona, ta zama takin noman rani.

Aikin gado ne, ba baƙo ba. A 2015 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin dabarun noma na gado da ya kamata a kiyaye.

Amma fa yana da iyaka. Yana son ruwa mai kwanciya, ciyawar kuwa ba ta jure gishiri. Ƙauyukan bakin teku, inda ruwan gishiri ke ƙara shigowa, dole su nemi wata hanya, kamar shinkafa mai jure gishiri.